Rakiyar Kawu Mamman Wurin Tsohuwar Na'ura

Tun da na dawo ba a miƙo mini kofin shayi a fada, wurin hirarmu, sai an haɗa da tambaya: "Lawali, wai mi kuka je yi Kano?" Na ba da labarin guntu-guntu har bakina ya gaji, kowa kuma ya ɗauki guntun da ya tsinta ya ƙara masa gishiri. Shekaranjiya na ji ana cewa wai asibitin ido muka je aka sallame mu. Ba asibiti muka je ba. Tunda buga takarda shi ne aikina, ga labarin nan a rubuce, wanda ya ga dama ya karanta.

Ga wanda bai san mu ba, ni sakatare ne a wata kwaleji a nan Dakoro, ni ke buga takardun jarrabawa. Kawu Mamman yayan mahaifiyata ne. Ya yi rayuwarsa yana zana gine-ginen gwamnati a Yamai da Maradi, azuzuwa da ɗakunan shan magani da magudanan ruwa, har ya aje aiki ya dawo gida. Mutumin da ya zana wa mutane rufi ba adadi, shi da matarsa Inna Rabi a tsohon gidan ƙasa na kakanmu suke zaune, wanda kowace damina sai an yi masa yaɓe ana haɗawa da addu'a.

Ɗansa Sabi'u yana aiki a Aljeriya. Bana Allah ya buɗa masa, ya ce da kaka za a rushe gidan a yi na siminti. Ya turo hoton wani gida a waya, ya ce Idi magini ya duba ya yi irinsa. Kawu ya ce muddin yana numfashi ba za a yi gini a filin ubansa da zanen wani ba. Sabi'u ya ce to, Baba ya zana, amma in an gama yankan gero babu zane a hannun Idi, da hoton za a yi, don shi ba zai sake samun hutu ba sai baɗi. Ba a yi faɗa ba, amma maganar ta zauna a gidan.

Matsalar ita ce idon Kawu. Likita a Maradi ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, sauran ma kan hanya yake. Kawu ya dawo ya ce gilashinsa ne ya tsufa. Daga ranar duk gidan muka koma kan maganar gilashi. In ya yi tuntuɓe da turmi sai Inna Rabi ta hau yara da faɗa wai sun aje turmi a hanya, alhali turmin nan tun aurenta yake wurin. Layin fensir kam ya daina ganinsa. An kai shi wurin wani mai zanen gidaje a ordinate, abin da mutanen Kano ke kira kwamfuta, don ya riƙa faɗa ana zana masa. Kawu ya faɗi ɗaki, mutumin ya ƙara masa baranda don kyau. Suka rabu ba daɗi. Kawu ya ce zane ba a aikensa, zuwa da kai ya fi saƙo.

Wata safiya ya sa aka kira ni. "Ina da aboki a Kano, Injiniya Bala," ya ce. "Yana da irin na'urarmu ta da, har yau tana tashi. Ita ba ruwanta da gilashi, lamba kake buga mata da yatsu ta ja maka layi. Yatsuna ba su manta komi ba. Kai ke hutu, kai za ka raka ni."

Ban so ba. Hutun damina na gonata ne, kuma ciyawa ba ta san uzuri ba. Amma ba a ce wa kawu a'a, sai dai a yi gunaguni a bayan ɗaki, na kuwa yi nawa.

Mun tashi a motar haya, irin wadda ake cusa mutane har sai ƙofa ta ƙi rufuwa a rage mutum ɗaya. A tasha na miƙa wa Kawu hannu ya ture. Ya kama igiyar jakata ya ce zai riƙe mini saboda ɓarayi. Haka muka yi tafiyar gaba ɗaya, ni a gaba, shi a baya yana tsare mini jakar da babu komai cikinta sai riga biyu da goro.

An yi ruwa da asuba, direba yana kewaye tabkunan hanya yana zagin waɗanda suka riga shi lalata ta. Kusa da Kawu wani Bafulatani ne mai fataucin shanu, mutum mai son sanin abin da ya kai kowa inda za shi. Da ya ji na'ura za mu nema sai ya gyara zama, Kawu kuwa dama mai saurare yake jira.

"Da muka fara aiki," in ji Kawu, "allo ne mai ƙafa, da takarda shara-shara, da alƙalamin tawada. Ka yi wata kana zana makaranta, a zo a ce a matsar da ƙofa guda, sai ka ɗauki reza kana kankarewa har takarda ta huje. Muna jin labarin wai can ƙasashen Turawa akwai na'ura mai zane, amma cikon ɗaki ce, sai masu ƙera jirgi da mota ke da ita. Daga baya wasu samari can suka rubuta shirin zane da zai iya zama cikin 'yar na'urar bisa tebur. Manyan masu zane suka yi dariya, suka ce kayan wasan yara ne. Ba a jima ba sai ga kayan wasan a biro ɗinmu, wato ofis, wani aikin rijiyoyi ya kawo shi. Tsofaffin biro suka ƙi taɓa shi. Ni ne ƙarami, aka ce in je in yi wasan."

"To ita ce ke zanen ko kai?" in ji Bafulatanin.

"Ni ne. Ita dai ba ta zubar da tawada."

Bafulatanin ya ce in haka ne bai ga amfanin zuwa Kano ba, ya juya yana kallon shanun bakin hanya.

A Maradi muka sake mota, muka bi ta Ɗan Issa. A kan iyaka wani jami'i ya buɗe jakar Kawu ya ci karo da kwali cike da baƙaƙen faya-fayai masu faɗin tafin hannu. Ya ɗaga ɗaya a rana, ya girgiza, ya shinshina. Kawu ya ce disket ne, wannan guda ɗin makarantar gari ce gaba ɗaya a ciki, har da makewayi. Jami'in bai ji daɗin amsar ba. Ya kira wani da ya girme shi, wannan ya yi dariya ya ce rabonsa da ganin irinsu tun yana ɗan makaranta, a bar dattijo ya wuce. Sai aka ce Kawu ya sa hannu a littafi. Ya karɓi alƙalamin bik ya yi sa hannunsa mai ƙawa, rabi a gefen takarda, rabi a kan tebur. Jami'in ya buɗe baki, ya dube ni, ya dubi Kawu, ya ce, "Ya yi, Baba. Littafin ne ya goce." A nan na gane kawaicin nan ba a gidanmu kaɗai ake yin sa ba.

Katsina ba baƙunta ba ce a wurinmu, bakinsu namu ne, fuskokin ma kamar ka san iyayensu. Sai wajen shayi muka bambanta. Mu shayi ɗan kofi ne mai ɗaci, a dafa a sake dafawa ana hira. Su kuwa sai a kawo maka ƙaton kofi an cika madara da sukari, ga burodi, ka shanye ka tashi kamar wanda ake kora. Kawu ya kurɓa ya ce kunu ne, amma ya shanye. Na nemi hura, aka ce fura, aka kawo mini wadda aka dama da inji ta yi sanyin ƙanƙara. Ba ta da laifi, sai dai ba ta riƙe ciki.

Mun shiga Kano da la'asar. Ba zan ɓata muku lokaci da cewa gari ne babba ba, kowa ya sani. Abin da ya dame ni ƙara ce. Kowane mai a daidaita sahu hannunsa na kan oda, ko da ba kowa a gabansa. Wanda ya ɗauke mu ya ji bakinmu ya ce, "'Yan Nijar ne?" Na ce eh. Ya ce shi ma kakarsa daga can take, sannan ya kewaya da mu unguwa biyu kafin ya amsa cewa bai san shagon ba.

Injiniya Bala gajere ne mai faɗi, gemunsa fari, yana da shagon gyaran injunan buga takardu a wani lungu. Da ya hango mu ya taso yana kwaikwayon yadda muke cewa malam da Faransanci, "Mushe Mamman, ashe rai kan ga rai." Kawu ya saki igiyar jakata ya miƙa hannu wajen muryar, Injiniya ya matso da kansa ya sa hannunsa a ciki. Asalin sanayyarsu, duk lokacin da na'urar biro ta lalace a Maradi babu mai iya gyara ta, sai Kawu ya naɗe akwatinta a bargo ya hawo mota ya kawo wa Injiniya. A gidansa muka sauka, a ɗakin baƙi mai fanka wadda ba ta juyawa sai an kawo wuta. Mu kuran muke cewa, su wuta, amma ɗaukewar iri ɗaya ce. Sauron Kano kuwa ba ya jiran a yi sallama.

Da safe ya kai mu ɗakin bayan shago. Nan ya tara tsofaffin injuna da ya kasa zubarwa, iyalinsa na kiran wurin maƙabarta. Ya yaye wani zane, ga akwati ruwan ƙasa-ƙasa da fuskoki biyu irin na tsohuwar talabijin, ɗaya ta rubutu, ɗaya ta zane. Ya kunna, ta yi tari, ta yi gurnani, koren rubutu ya fito.

"Da tsohuwar zuma ake magani," in ji Injiniya. Ya shiga nuna mini kaya kamar ni na tambaya. Ga wani ɗan ƙarfe a bayanta, makulli ne, in babu shi shirin ba ya buɗewa, don masu shirin suna tsoron a kwafa. Ga wani ɗan guntu a cikinta da ake saya daban saboda lissafi, in babu shi sai ka ja da'ira ka je ka yi alwala ka dawo ba ta rufe ba. Shirin kansa cikin disket ya zo, a sa wannan a cire wancan. Ya ce a farkon-farko in ka yi kuskure babu komawa baya, sai ka goge ka sake.

"Kuma in ka ce ta matso maka da wani sashe," in ji Kawu, "sai ta sake zana komi daga farko, layi-layi. Nan muke ɗora shayi."

Suka yi dariya su biyu. Ni na zauna a benci can baya ina tunanin gonata.

Aka gwada disket ɗin Kawu ɗaya bayan ɗaya. Zafin Dakoro ya gama da su, ko guda bai buɗe ba. Injiniya ya faɗa masa a hankali. Kawu ya ce ba komi, gine-ginen suna tsaye, a ba shi kujera.

Ya zauna, ya yi bisimilla, ya laluba allon maɓallai ya aza yatsunsa. Shirin da Turanci ya zo, Kawu ba ya jin Turanci, amma kalmomin aikin ya haddace su tun da can kamar karatun allo. Yatsun suka tashi da gudu, har na ɗago kai, don ni da nake buga takarda kullum ban kai shi sauri ba. Na'urar ta yi ƙara, ƙit. Ya sake bugawa, ta sake yin ƙit. A fuskar zane babu abin da ya fito.

Injiniya ya leƙa fuskar rubutu, ya dube ni, ya ce, "Injin ne bai gama ɗumama ba." Aka jira. Kawu ya sake, ƙit. Injiniya ya ce ƙura ce, ya kashe, ya kwance akwatin, ya hura, ya ɗaure. Ƙit. Ya ce waya ce, ya sake waya. Haka aka yi ta yi har azahar ta wuce, Injiniya yana ɗora wa injinsa laifi iri-iri, Kawu yana cewa Allah ya sa a dace. A hankali yatsun suka rage gudu, daga baya ya ɗauke su ya aza bisa gwiwa.

Da muka fita alwala Injiniya ya ja ni gefe. "Malam Lawali, injin nan lafiyarsa ƙalau. Abin da yake bugawa ne ba magana ba, shara ce kawai. Hannun yana kauce wa maɓallan. Ni dai bakina ba zai iya faɗa masa ba."

Na ce nawa ma haka.

Kawu bai jira a faɗa masa ba. Da muka koma masauki ya zauna bakin katifa ya ce, "Injiniya bai iya ƙarya ba, tun da can haka yake. Hannun ne ya tafi. Gobe mu koma gida, a yi da hoton Sabi'u." Ya faɗe ta kamar mai ba da labarin farashin gero. Na ji tausayinsa ƙwarai, kuma a ƙasan tausayin na ji daɗin zan koma gona, abin da ya sa na ji haushin kaina.

Da yamma na koma shagon ni kaɗai, na roƙi aron sabuwar kwamfutar gaba don in rubuta wa direktan makarantarmu saƙo. Na yi layi biyu na bari, na ce in na isa na faɗa masa da baki.

Bayan magariba aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe. Abincin Kano akwai daɗi, sai dai mai ya yi yawa, kamar suna fushi da shi. Kowa ya sunkuya kan abincinsa. Injiniya, don ya kashe shirun, ya ce, "Malam Lawali, yaya ka ga garin namu?"

Dama a cike nake. Na ce gari ya yi, amma komai nasu a juye yake. Shayi kunu, fura ƙanƙara. Mu muna auna fili da metir, su da ƙafa, ban san ƙafar wa ba. Mai mota yana oda kafin ya ga abin da zai yi wa odar. Na ce har maɓallan kwamfutarku ba sa inda aka san su. Na nemi harafi a inda yake zaune shekara da shekaru na tarar da wani ya tare wurin. Lamba ma a wurinmu sai ka danne wani maɓalli take fitowa, taku a sake take kamar akuyar da ba ta da mai ita.

Hannun Injiniya ya tsaya a cikin kwano. "Sake faɗa."

Na sake faɗa, ina mamakin abin da ya ɓata masa rai a ciki.

Ya juya wajen Kawu. "Mushe Mamman, da wane irin allon maɓallai ka yi aiki a Maradi?"

"Na Faransa mana. Da wane zan yi?"

"Kuma akwatin kaɗai kake kawo mini gyara."

"Shi ke lalacewa."

Ashe nan matsalar take. Yatsun Kawu ba su kauce ko sau ɗaya ba, inda suka saba suke sauka. Allon ne na Ingilishi, haruffa da lambobinsa a wani tsarin daban. Injiniya yana ganin sharar tun hantsi ya ƙi faɗa don kada ya kunyata baƙonsa, Kawu kuma bai ce a karanta masa abin da ke fitowa ba don kada a ce ba ya gani.

"Da ka ce mini shara nake bugawa," in ji Kawu, "da tun safe na gane."

"Da kai ka ce in karanta maka fuskar injin, da na karanta."

Kawu ya ce a miƙo masa ruwa, sannan ya ce a ƙaro masa tuwo.

Gyaran bai kai a kira shi gyara ba. Da safe Injiniya ya buga wa na'urar layi ɗaya, ta ɗauki maɓallan a tsarin Faransa. Rubutun da ke jikinsu bai sauya ba, amma wannan bai shafi Kawu ba. Ya aza yatsu, ya buga kalma, na'urar ba ta yi ƙit ba. Injiniya ya karanta masa da ƙarfi: tana tambaya daga ina. Kawu ya buga lamba. Tana tambaya zuwa ina. Ya buga wata. Wani siririn layi ya miƙe a fuskar zane daga hagu zuwa dama.

"Ya fito?"

"Ya fito."

"Bangon gabas ke nan," in ji Kawu.

Haka suka yi kwanaki. Kawu yana ƙunƙunin lambobi yana bugawa, Injiniya yana karanta masa tambayoyin na'ura, ba ya ƙara ko baranda ɗaya. Duk gidan yana cikin kan Kawu, ya san nisan kowane lungu daga kusurwar filin. In ya yi shakka sai ya ce a karanta masa inda layin ƙarshe ya tsaya, ya yi lissafi da leɓe ya ci gaba. Rana ɗaya aka ɗauke wuta bai adana aikin ba, ɗakin Inna Rabi da madafi suka tafi. Ya ce dama tagar ba ta yi masa ba. Daga ranar Injiniya ya sa aka ja waya daga janareton maƙwabci, wani mai niƙan barkono, muka riƙa aiki muna atishawa.

Ni ba ni da aiki a ciki. Na shiga kasuwa na ɓata, na saya wa matata atamfa wadda daga baya na tarar akwai irinta a Dakoro. Na je wurin masu gurasa, ita kam na yarda ba mu da kamarta. Wani dillali ya bi ni yana ce mini Alhaji, na ce ban je ba tukuna, ya ce ai niyya ma wani abu ce. Sauran lokacin ina benci ina kallon tsofaffi biyu da injin da ya kusa sa'arsu.

Ranar da aka gama, Injiniya ya jawo wani dogon inji mai hannun ƙarfe, shi ke fitar da zane a babbar takarda. Ba bugawa yake yi ba, alƙalami yake riƙewa ya zana da kansa. Alƙalumansa na asali sun bushe tun tuni, Injiniya ya ɗaura masa bik da zare da roba. Aka kunna, hannun ya fara zarya, takarda tana shiga tana fita. Kawu ya karkata kunne. In hannun ya yi doguwar tafiya sai ya ce bangon kudu ne, in ya yi 'yan gajeru ya ce ƙofar zaure ce. Da ya tsaya aka shimfiɗa masa takardar a tebur. Bik ɗin ya danna sosai har layin ya yi kwari, Kawu ya bi shi da ɗan yatsa daga kusurwa har ya kewayo. Injiniya ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya naɗe ta ya zura cikin guntun bututun ruwa saboda damina.

Wajen sallama Injiniya ya ce na'urar tana nan in an sake bukata. Kawu ya ce gida ɗaya gare shi. Suka riƙe hannun juna har direba ya gaji da oda.

Dawowa ba labari. A kan iyaka an tambayi abin da ke cikin bututun, aka buɗe aka gani aka rufe. Tsakanin Maradi da Dakoro taya ta fashe, muka zauna ƙarƙashin wata bishiyar bedi muna cin ƙosan da ya huce. Kawu bai yarda ya aje bututun a ƙasa ba. Gonata na same ta yadda kuke tsammani.

Washegari aka kira Idi magini. Ya shimfiɗa takardar bisa tabarma a tsakar gida, ya danne kusurwoyin da duwatsu, ya tsuguna. Kawu yana kan kujerarsa, Inna Rabi tana tsaye da ludayi a hannu. Ni ban iya karanta zane ba, sai abin da Idi ya faɗa. Ya bi da yatsa yana kira: ga zaure, ƙofofinsa a karkace yadda na waje ba zai hango cikin gida ba. Ga ɗakin Inna da taga biyu. Ga madafi a inda iska ba za ta mayar da hayaƙi ɗaka ba. Ga wurin rumbu, ga turken awaki. Ya ce aiki ya yi, ko'ina da awonsa, shi dai gini kawai zai yi. Sai yatsansa ya tsaya.

"Baba, nan ne ban gane ba. Ga wani siririn bango ya taso daga bakin ɗakinka, ya ratsa tsakar gida har makewayi, ya karyo ya nufi zaure. Ba ya ɗauke da rufi, ba ya kare komi. Shi kaɗai ne kuma ba a rubuta tsayinsa ba. Ko injin ne ya yi kuskure?"

Na buɗe baki in ce injin ne. Na ga Inna Rabi ma ta buɗe nata. Kawu ya riga mu.

"Ba kuskure ba ne, Idi. Kafin ku gama ginin ga ba zan ƙara ganin komi ba. Ba ni son duk sa'ad da zan zaga sai na kira Rabi. Ka shafe samansa sumul, kada ya ci mini hannu."

Inna Rabi ta juya ta shiga madafi.

Idi ya ciro ma'auninsa daga aljihu. "To, Baba. Tsayin fa?"

Kawu ya dafa kujera ya miƙe tsaye. Ya saki hannunsa na dama a gefe, ya ɗan ɗaga shi, ya buɗe tafin yana kallon ƙasa.

"Auna," ya ce.

Idi ya durƙusa ya auna daga ƙasa zuwa tafin hannun, ya rubuta a gefen takardar.